Jinya da kiɗa da waƙa ilimi ne, amma ina za mu karanta shi?



Bara da rani, cikin zagayen da nake yi na duba ajujuwan karatun manya, na iske gurbin wani dattijo babu kowa. Manomi ne, shekarunshi za su kai sittin, kullum gaba yake zama saboda idonshi ya fara rauni. Na tambaya, aka ce hawan jini ya kada shi a gona lokacin girbi, ɓarin jikinshi na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Na tahi gaishe shi. Ya gane ni sarai. Ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, kalma ta ƙi fitowa, sai hawaye. Muna zaune shiru, jikarshi ta kunna rediyo don ta kawar mana da nauyin zaman. Aka sako tsohuwar waƙar noma, irin wadda ake kaɗa ma samari ranar gayya. Dattijon nan da ya kasa ce mani «lahiya lau» ya kama amshin waƙar, kalma bayan kalma, har ƙarshe. Waƙa na tsayawa, baki ya sake rufewa.

Mutanen gidan suka rabu biyu. Wasu suka ce aikin iskoki ne. Wasu suka ce ai ga shi nan, yana iya magana, ƙi ne kawai yake yi. Maganar nan ta biyu ta fi yi mani ciwo, don daga ranar aka fara yi mashi tsawa, ana cewa ya daina wahalar da mutane.

Ba iskoki ba ne, ba kuma taurin kai ba ne. Ga mafi yawan mutane, wurin da ke haɗa magana yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma ɓangaren hagu shi ke juya ɓarin jiki na dama. Shi ya sa wanda damanshi ta shanye sau da yawa maganarshi ma takan tahi. Waƙa kuwa, musamman wadda mutum ya haddace tun ƙuruciya, ɓangarorin biyu ne ke ɗauke da ita. In hanya ɗaya ta toshe, sauran na nan. Tun ƙarni na 18 wani marubucin ƙasar Suwidin, Olof Dalin, ya rubuta labarin wani ɗan manomi da ciwo irin wannan ya bar ma kalma ɗaya tak, wato «i», amma yana rera waƙoƙin ibada da ya sani ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya ba gidan dattijonmu tsoro, an san shi shekara ɗari biyu da wani abu. Mu ne labarin bai iso ma ba.

Wannan shi ya sa na shiga nema. Kuma abin da na samu shi nake son in shimfiɗa maku, tare da ra'ayina a kai.

Akwai sana'a sukutum da ake kira jinya da kiɗa da waƙa. A ƙasar Amurka ta tsaya da ƙafarta. Lokacin yaƙin duniya na biyu da bayanshi, makaɗa sun riƙa shiga asibitocin sojojin da suka dawo da rauni a jiki da a zuciya. Likitoci suka ga ana samun sauƙi, amma suka ga kuma iya kiɗa kaɗai bai isa ba, sai makaɗi ya san ciwo, ya san mai ciwo. A 1944 wata babbar makaranta ta jihar Mishigan ta buɗe sashen koyar da wannan aiki, a 1950 masu yin shi suka kafa ƙungiya. A Ingila wata makaɗiya haifaffiyar Faransa, Juliette Alvin, ta kafa irin wannan ƙungiya a 1958. Shekara guda bayan haka Paul Nordoff, mai tsara kiɗa, da Clive Robbins, malamin yara masu naƙasa, suka fara aiki tare. Dabararsu ta burge ni: a ba yaro ganga ya buga yadda ya ga dama, shi kuma Nordoff ya bi shi da fiyano, har yaron ya gane akwai mai amsa mashi. Ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a an kafa ta a 1985 a Italiya. A Faransa ana koyar da aikin a jami'o'in Faris da Mompeliye da Nant. A nahiyarmu, jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu ta buɗe karatun babban digiri a kanshi a 1999.

Kada ku ɗauka wasa ne ake koyarwa. A Amurka ɗalibi sai ya yi awa 1200 yana aiki da marasa lahiya ƙarƙashin idon na gaba da shi, sannan ya zauna jarrabawa. A Ingila doka ta tsare sunan sana'ar, wanda bai yi karatun ba ba shi da izinin kiran kanshi da shi. Bambancin malamin jinya da kiɗa da makaɗin biki a fili yake. Makaɗin biki yana kiɗa don a saurare shi, a yi mashi kari. Malamin jinya yana kiɗa don marar lahiya ya amsa: ya ɗaga ƙafa, ya furta kalma, ya ɗago ido, ya saki kuka in kukan ne ya toshe shi. Kafin ya fara sai ya auna abin da mutum ke iyawa, ya rubuta inda ake son a kai, bayan makonni ya sake aunawa. In ba a ci gaba ba, ya sauya dabara ko ya faɗi gaskiya.

To, wanda ke Maraɗi ko Tawa ko Damagaram, in yana son ya karanta wannan ilimi, me zai kama?

Mafi yawan littattafan da Ingilishi suke, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin albashin malamin lakkwal. Tsoffin ginshiƙan su ne littafin E. Thayer Gaston na 1968 da na Kenneth Bruscia na 1989. Da Faransanci akwai littattafan share fage na Édith Lecourt, wadda ta daɗe tana koyarwa a Faris. Akwai kuma Musicophilia na likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks, wanda ya fito a 2007 aka kuma juya shi da Faransanci. Wannan ba littafin koyon sana'a ba ne, labaran marasa lahiya ne, amma shi zan fara miƙa ma duk majon gidan likita da ke ganin maganar nan shirme ce.

Abin da ba a biyan ko dala ya fi amfani gare mu. Mujallar Voices, da ake fitarwa daga ƙasar Norwe tun 2001, kyauta ce a intanet, kuma takan buga rubutun mutanen Afirka. A 2019 reshen Turai na Hukumar Lahiya ta Duniya ya fitar da rahoto da ya tattara bincike fiye da 3000 a kan kiɗa da waƙa da rawa da zane cikin kiwon lahiya, shi ma kyauta. Tun 2002 hukumar na da shiri mai suna Hinari, wanda ke buɗe ma makarantun lahiya da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun likitoci ba da kuɗi ba. Ma'aikata ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba. Amma in za a ce in zaɓi ƙofa guda, ta Cochrane zan zaɓa. Ƙungiya ce da aka kafa a 1993, aikinta ta tattara duk gwaje-gwajen da aka yi a kan magani ɗaya, ta sheƙe su, ta zubar da ƙaiƙayi, ta faɗi abin da ya rage. Taƙaitaccen bayaninta ana juya shi da Faransanci mai sauƙi, mai salula na iya karanta shi a zaune ƙarƙashin bedi.

Na ce ita zan zaɓa don a wannan fage ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa. Ku ji misali. A 1993 wasu masu bincike a Amurka suka sa ɗalibai 36 sauraren kiɗan Mozart na minti goma, suka ga sun ɗan ƙara ƙoƙari a wata jarrabawa ta siffofi. Ƙarin bai wuce kwata na awa ba ya gushe. Jaridu suka ɗauka suka ce kiɗan Mozart na ƙara ma jarirai basira, alhali ko jariri ɗaya ba a gwada ba. Har gwamnan jihar Jojiya ya nemi kuɗi a 1998 don a ba kowace mai jego faifai. Idan gwamna a Amurka ya faɗa wannan rami, ina ga ɗan uwanmu da aka turo ma sauti a salula aka ce in ya saurara kwana arba'in zai rabu da ciwon sukari? Babu sautin da ke warkar da sukari, ko hawan jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka. Wanda ya ajiye ƙwayarshi saboda irin wannan sauti, ranshi ya sa a caca.

Ga tsabar da ta rage bayan shiƙa. A 2015 mujallar likitoci Lancet ta haɗa gwaji 73 da aka yi a kan mutum kusan 7000 da aka yi ma aiki a asibiti. Waɗanda aka sa ma kiɗa sun fi samun sauƙin zafi da fargaba, sun kuma rage shan maganin zafi, amma kwanakinsu a gado ba su ragu ba. Ga masu ciwon baƙin ciki mai nauyi, binciken Cochrane na 2017 ya nuna in an haɗa jinya da kiɗa da maganin da aka saba, an fi samun sauƙi, aƙalla na ɗan lokaci. Ga tsofaffi masu gigin tsufa, yana rage masu ƙunci, amma ba ya maido da tunanin da ya tahi. A Finlan, a 2008, an bi mutum 60 da jikinsu ya shanye. Waɗanda suka riƙa sauraren waƙoƙin da suke so kullum har wata biyu sun fi sauran farfaɗowa wajen riƙe magana da tattara hankali. Akwai kuma inda aka gwada ba a samu ba. A 2017 an yi babban gwaji a ƙasashe 9 da yara 364 masu larurar nan da ke hana yaro shiga mutane da haɗa ido, wadda likitoci ke kira otizim. Bayan wata biyar ba a ga bambanci a nauyin larurar ba tsakanin waɗanda aka yi ma jinya da kiɗa da waɗanda ba a yi ma ba. Masu sana'ar da kansu suka yi gwajin, suka kuma buga sakamakon. Wannan ya ƙara mani yarda da su. Boka ba ya buga labarin ranar da maganinshi ya ƙi ci.

Yanzu in koma ga dattijonmu, don a nan ne na gane ko da littattafan nan duka sun zo mana a buhu, aiki bai ƙare ba.

A 1973 wasu masana uku a birnin Bostan, Albert da Sparks da Helm, suka tsara hanyar koya ma wanda magana ta ɗauke ma ya sake furuci ta hanyar rerawa. Ana ɗaukar gajerar magana ta yau da kullum. Ana rera ta a hankali da murya biyu kawai, ta sama da ta ƙasa. Malami na riƙe da hannun hagu na marar lahiya, yana buga shi sau ɗaya a kowace gaɓa. Da farko su rera tare, sannan malami ya riƙa janye muryarshi, a ƙarshe a sauke rerawar a koma magana. Gwaje-gwajen da aka yi ƙanana ne. Sun nuna mutum na ƙaruwa wajen maimaita maganganun da aka koya mashi, amma hira ta sakin baki ba kullum take dawowa ba. Duk da haka, ga wanda ya kasa neman ruwan sha, kalma goma dukiya ce.

Ku lura da kyau: murya biyu, ta sama da ta ƙasa. Wannan ai ginin Hausa ne! Ingilishi da Faransanci ba su rarrabe kalma da hawa da saukar murya. Mu muna yi. Kukan yaro da itacen kuka baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su: na farko sama-sama, na biyu sama sannan ƙasa. Wuyan da ke ɗauke da kai, sama ne sannan ƙasa. Wuyar da ake sha, ƙasa ce sannan sama. Da wannan ne kalangu ke magana, mahauci ya ji kirarinshi daga bakin kasuwa ba a buɗe baki ba. Ke nan wanda ya kwafo hanyar Bostan daga littafi, ya ɗora ma maganar Hausa karin da ya ga dama, zai iya koya ma marar lahiya ya ce yana shan wuya alhali wuyanshi ke ciwo. Faransawa ma ba su ɗauke ta yadda take ba. Wani mai gyaran magana a Faris, Philippe Van Eeckhout, sai da ya sake tsara ta don ta dace da tahiyar harshensu. In Faransanci ya buƙaci nashi tsari, Hausa ta fi buƙata. Kuma ina ganin mu aikin zai fi zo ma da sauƙi, don karin na cikin kalmar tun asali, ba sai an ƙirƙiro ba. Wa ya san wannan karin fiye da makaɗin kalangu? Ga shi zaune a kasuwa, ba wanda ya taɓa kiran shi gidan likita.

Haka zancen tahiya. Tun shekarun 1990 Michael Thaut da abokan aikinshi a Amurka suka nuna bugu mai daidaito na taimakon masu shanyewar jiki da masu ciwon karkarwa su daidaita taku, su ƙara sauri. Su da na'ura suke bugawa. Manomin da ya taɓa yin noma bayan ganga ba ya buƙatar a yi mashi dogon bayani: ya san yadda hauya ashirin ke faɗuwa lokaci guda, ya san yadda gajiya ke jinkirta zuwa in makaɗi ya iya hannunshi.

Saboda haka nake cewa rabin kayan karatun wannan ilimi yana ƙasashen waje, rabi yana nan gida, kuma na gida ne ke cikin haɗari. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, da aka buɗe a 1989, inda aka tara kayan kiɗan ƙabilun ƙasar nan. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, malamin lakkwal ne kafin duniya ta san shi da gurumi, kuma shi ya tahi bakin tabkin Cadi ya koyo biram daga tsohon da ya rage yana kaɗa shi. Akwai cibiyar CELHTO, wadda tun 1968 take tattara abin da aka gada da baki. Akwai tsoffin faya-fayan Muryar Sahel. Amma waɗannan sun fi adana waƙoƙin fada da na biki da na shahararru. Waƙar da jinya ke buƙata ita ce wadda mutum ya ji yana goye: ta reno, ta daka, ta niƙa, ta daɓe, ta kiwo, ta gaɗa a dandali. Injin niƙa ya hutar da bayan matanmu, ba ni cikin masu kukan zuwanshi. Sai dai ya tahi da waƙar dutsen niƙa, kuma yarinyar da ba ta ji ba ba za ta rera ma kakarta ba ranar da kakar ta rikice.

Na san akwai mai cewa: malam, kana zagaye-zagaye ne, zancen bori kake son kawowa. A'a. Amma ba zan ɓoye ba cewa masu bincike sun yi rubutu a kai, kuma a nan ƙasar. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga littafi a 1972 a kan borin Maraɗi, Veit Erlmann ya yi rubutu a 1982 a kan kiɗanshi. Ɗalibin wannan fanni dole ya karanta su, kamar yadda ɗalibin likita ke karanta tarihin ƙaho da sakiya ba don ya koma yin su ba. Akwai ma darasi a ciki. Gilbert Rouget, a littafinshi na 1980 a kan kiɗa da hawan iska a ƙasashe da yawa, ya kai ga cewa ba ƙarar ganga ko goge ce da kanta ke juya mutum ba. Abin da mutum ya taso ya san sautin na nufi, shi ke aiki. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a Finlan, inda kowa waƙar da yake so aka sa mashi. Kiɗan Mozart ba zai buɗe bakin dattijonmu ba. Waƙar gayya ce ta buɗe shi.

Wanda kuma zuciyarshi ba ta kwanta da kayan kiɗa ba saboda addini, ba ni da gardama da shi. Malamai sun saɓa a kan wannan tun da daɗewa, har Imamu Gazali ya ware ma sauraro babi guda a cikin Ihya'u. Farabi, wanda ya rasu wajen 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa, kuma asibitin da Sarkin Turkawa Bayazidu na biyu ya gina a Edirne a 1488 an san shi da sa ma marasa lahiya kiɗa da ƙarar ruwa. Amma ba sai an kai can ba. Hanyar Bostan ba ta buƙatar ganga ko molo. Murya ce da tafin hannu. Wanda abin da ya haddace waƙoƙin wa'azi ne ko na bege, da su za a yi mashi aiki.

Gardamar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Za a ce gidan likitan da wani lokaci ba a samun maganin zazzaɓi, shi za a kai ma zancen waƙa? Gaskiya ne, kuma in aka ce in zaɓa tsakanin abin awon jini da ganga, abin awo zan ɗauka ba tare da na yi tunani ba. Da dattijonmu ya san jininshi ya hau, yana shan ƙwaya kullum, yana rage gishiri da dunƙulen miya, wataƙila da yanzu yana aji. Kuma duk wanda bakinshi ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, gidan likita za a nufa da shi nan take, ba a tsaya waƙa ko turare ba. Sai dai bayan an sallamo shi fa? Masu gyaran magana da masu motsa gaɓoɓi a manyan birane suke, mutumin ƙauye gida zai koma, hannun mata da jikoki. Su ne masu jinyar gaskiya, wata da watanni, kuma ba a ba su komi ba sai «a yi haƙuri».

Mutanen Gambiya sun nuna ana iyawa da abin da ke hannu. Suna da ƙungiyoyin mata da ake kira Kanyeleng, matan da suka sha rashin haihuwa ko mutuwar ƴaƴa, waɗanda ke waƙa da barkwanci a bukukuwa. Masu bincike na ƙasar da na Landan suka haɗa kai da su. Mata masu ciki 124 suka shiga gwajin; wasu suka riƙa zama da ƴan Kanyeleng awa guda kowane mako har mako shida, ana waƙa ana amshi a gidan awo, sauran aka bar su da awon da aka saba. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna alamun damuwa da fargaba sun fi raguwa ga masu zaman waƙa. Gwajin farko ne, ƙarami, masu shi ma sun faɗi haka. Amma ba a sayo na'ura ba, ba a kawo makaɗi daga Turai ba. Ina gidan awon da ke ƙasar nan da babu zabiya ko tsohuwa mai baki a unguwarshi?

Ba ina kiran a buɗe sashe a jami'ar Abdu Mumuni gobe da safe ba. Mai koyarwa sai ya fara koyo. Abin da nake gani shi ne a tura mutum biyu ko uku, waɗanda suka riga suka san jinya kuma suna da kunnen kiɗa, su yi karatun a inda ake yin shi, da sharaɗin su dawo. Kafin su dawo, makarantun lahiya su yi rajistar Hinari in ba su yi ba, malamansu su sa taƙaitattun bayanan Cochrane cikin abin da ɗalibai ke karantawa. Sannan a zaunar da likitan ƙwaƙwalwa, da masanin harshen Hausa, da makaɗin kalangu a ɗaki ɗaya, su fitar da ɗan littafi da Hausa, shafi talatin ya isa, mai manyan baƙaƙe: me ya sa mai shanyewar jiki ke waƙa ba ya magana, maganganu ashirin na buƙatar yau da kullum da karin kowace, abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Mun yi irin wannan a kan ruwan gishiri da sukari, mun yi a kan ajiyar wake. Ni dai hannuna bai taɓa kai ga ko warƙa ɗaya da Hausa a kan wannan ba, kuma na nema.

Kafin littafin ya samu, ga abin da na gaya ma jikar dattijon, wanda ba ya cutarwa. Ta zauna gabanshi yana ganin bakinta. Ta kashe rediyo, a kori hayaniya. Ta fara da waƙar da yake so, don ya saki jiki. Sannan ta ɗauki magana ɗaya, kamar «ba ni ruwa», ta ja ta a hankali yadda muryar Hausa ke hawa da sauka a cikinta, tana taɓa hannunshi na hagu a kowace gaɓa. Kwata na awa ya isa. In ya gaji ko ya husata, a bari sai gobe. Kada a mai da shi abin kallo, kada a tara yara su yi dariya. Na kuma roƙi manyan gidan su daina tsawa, na bayyana masu zancen hagu da dama har sai da babban ɗan ya sunkuyar da kai.

Da na koma bayan wata huɗu, yana neman ruwa da bakinshi, yana kiran sunan matarshi, yana amsa sallama. Hira ba ta dawo ba, hannun dama ma bai dawo ba. Ba zan ce waƙa ce ta yi ba, don masu irin wannan ciwo da yawa sukan ɗan farfaɗo da kansu a watannin farko, kuma mutum ɗaya ba gwaji ba ne. Abin da na tabbata shi ne an daina yi mashi tsawa, kuma kullum akwai mai zama gabanshi.

Yarinyar na ajinmu na mata. Na ba ta littafin rubutu na ce ta bi tsofaffin garin, ta rubuta waƙoƙin da suka sani tun suna yara: wace iri ce, a wane aiki ake yin ta, wa ke bayarwa wa ke amshi, daga bakin wa ta ji, shekarunshi kamar nawa. In mai waƙar ya yarda, ta ɗauki muryar a salula, don takarda ba ta riƙe kari. Ta riga ta cika rabin littafin. Duk ɗalibi ko ɗalibar da ke son yin haka a garinsu, ya gaya ma malamin ajinshi; littafi da alƙalami muna da su, kuma zan karɓi abin da aka rubuta a zagayena na ƙarshe kafin ruwa ya sauka a rufe aji.